Rumbun da Aka Cika da Kara

Da sunan Allah muke farawa. Shugaban taro, mai girma Dagaci, Malam Liman, iyayenmu mata, 'yan'uwana manoma, da manyan baƙinmu na jami'a da suka cika kujerun gaba, assalamu alaikum.

Ina gode wa ƙungiyar manoma da ta ba ni magana, alhali ta san bakina ba shi da linzami. Mun taru ne don karrama ɗanmu, Dakta Kamilu Nababa, malamin tattalin arziki.

Na farko, ku tuna shekarar da gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Taki ya ɓace, mudun gero ya gagari magidanci, amma rediyo tana cewa a ƙasar Shanono hatsi har ba wurin zubawa. Ma'aikata suka zo suka kafa ƙaton rumbu a bakin titi, suka danƙare shi da kara, suka jera damman gero a sama don ɗaukar hoto. Dakta ya turo ɗalibansa su binciki halin manoma. Ɗaya daga cikinsu, Asama'u, 'yar Malam Sabo, ta hau tsani, ta zura hannu, ta zaro kara. Abin da ta gani shi ta rubuta a kundin digirinta.

Na biyu, nan fa hankalin manya ya tashi. Aka kafa kwamiti a jami'a, aka ce, "Dakta, ka sa yarinyar nan ta cire maganar rumbu, ko ka kayar da ita." Ya ce, "Ni na koya mata ta duba kafin ta faɗa. Yau kuma in ce ta runtse ido? Ku nemi wani."

Aka kore shi, aka watso littattafansa waje, aka riƙe takardar digirin Asama'u. Ina abokan aikinsa? Ina masu dogayen riguna da dogon Turanci? Tsit kake ji! Mutum ya ƙare karatu har ƙasar waje, amma a ce masa kara hatsi ne ya ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe." Tir! Dakta ya dawo cikinmu ya ɗauki fartanya, ba ko ɗaya daga cikinsu da ya leƙo shi.

Na uku, yau da mulki ya sauya hannu, ga su sun iso da allon yabo mai ƙyalli. Sannunku da ƙoƙari! Wannan shi ne ihu bayan hari. Ku dubi Malam Sabo can a gindin darbejiya. Shanun nomansa ya sayar ya kai 'yarsa jami'a. Yanzu idonsa ya yi rauni, kullum yana tambaya ko takardar ta fito, ita kuwa tana kitso a tsakar gida don su ci abinci.

Saboda haka Dakta ya ba ni saƙo, kuma bakinmu ɗaya da shi: ba zai taɓa allon nan ba sai an ba Asama'u digirinta, da maganar rumbu a cikin kundinta, ba a goge ko wasali ba. Ku mayar da shi mota. In kun tashi dawowa ku yi sauri, tun tsohon nan yana iya ganin takardar.

Allah ya saka wa Dakta da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya ba malamanmu ƙarfin zuciya, ya mai da kowa gidansa lafiya, har da baƙinmu.

Na gode.