Waifai a Akwatin Ƙarfe

A ɗakin jira na ofishin masu intanet, wani malamin makaranta na zaune da na'urar waifai a cinyarsa, sai huci yake yi. Matar da ke gefensa ta dube shi.

"Malam, lafiya? Lalacewa ta yi?"

"Wata guda ke nan, Hajiya, ko saƙo ba ya fita. Kuma na san maƙwabcina ne ke zuƙe min sabis. Har gaisuwa na daina yi masa."

"Ka kama shi ne?"

"Shi ya tona kansa. Wai in ajiye ta kusa da taga, saitin ɗakinsa! A gaban 'ya'yansa na ce masa ɓarawo ba ya rasa dabara."

"To, ina kake ajiye ta?"

"Cikin akwatin ƙarfe, har da kwaɗo. Wayar wuta kawai na huda wa hanya."

Matar ta rage murya. "Malam, ai ƙarfe tare sabis yake yi. Ni ma bayan firiji na fara sa tawa, da aka mayar da ita taga, sai ta dawo garau."

Malam ya kalli na'urar, ya kalli ƙasa.

"Ke nan gaskiya bawan Allahn nan ya faɗa min?"

Matar ta nuna ƙofar ofis. "Ga shi can ana kiran lambarka ta layi."

Ya miƙe a sanyaye, ya cusa na'urar cikin jaka. "Bari su yi ta kira, Hajiya. Gyaran da ke gabana ba a ofishin nan ake yin sa ba."