Ku Zargi Kwalbar, Ku Ƙyale Maƙwabci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro na tsaftar unguwa, Alhaji Muhammadu Lawan. Mai unguwarmu da dattawan Bolewa. Liman da na'ibinsa. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa. Ɗalibaina na darasin aikin gona da suka cika bencin baya. Jama'a maza da mata, barkanmu da war haka.

Ina godiya da kuka ba malamar makaranta wannan dama, ina kuma godiya da kuka haƙura da zafin rana kuka zauna.

Akwai ruɗu guda biyu da suka zauna mana a kai, ni ma na daɗe da su. Muna ɗauka duk abin da ya fito daga cikin saniya taki ne. Muna kuma ɗauka maganin ƙwarin da ya fi wari shi ya fi aiki. Waɗannan ruɗu biyu sun kashe tunkiya a layinmu, sun kuma raba mutum biyu da suka yi shekara goma sha ɗaya suna tafiya masallaci tare. Dukansu suna nan, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Na nemi izininsu kafin in faɗi sunayensu, sai dai gida-gida na bi, domin yau sati uku ke nan ba sa gaisawa.

Alhaji Bubayaro, dillalin shanu da kowa ya sani a kara, ya shuka ciyawar kiri-kiri a tsakar gidansa don jikokinsa su sami wurin wasa. Da ciyawar ta soma ja, sai ya sa aka kwaso masa ɗanyen kashin shanu amalanke uku daga kara, aka malala shi a kai kamar ana yaɓe. Na leƙa na ce, “Baba Alhaji, wannan bai nuna ba.” Ya yi dariya ya ce, “Malama, shekara talatin ina cikin shanu, ke za ki koya mini kashinsu?”

Kafin wata ya zagayo, ciyawa ta ƙone tabo-tabo, ƙudaje sun cika gida, gara ta taso ta ƙarƙashi. Ana nan sai ga wani mai lasifika a kan babur yana tallar maganin ƙwari, da kwalaben lemo cike da wani ruwa mai kauri. Alhaji ya saya, aka fesa da safe, da yamma aka yanke ciyawar. Kun san al'adarmu, ba a zubar da ciyawa a garin nan alhali maƙwabci yana kiwo. Aka miƙa ta ta kan katanga ga Malam Modu, kamar yadda aka saba. Washegari tunkiyarsa mai ciki ta mutu tana kumfa, ragon da yake ajiye wa layya kuwa da kyar likitan dabbobi ya tashe shi.

Da na je jaje, Malam Modu ya ce mini, “Malama, kada ki wahalar da bakinki. Tun rigimar da muka yi kan kwatar da ke tsakanin gidajenmu na san bai huce ba. Shekara huɗu yana miƙo mini ciyawa, ko zawo ba a taɓa yi ba, sai bana da muka yi sa-in-sa?”

Baba Modu, ban ce kada ka yi zargi ba. Ni ma zargi ne ya kawo ni nan. Amma na bi sawun mai babur ɗin har na same shi ranar kasuwa, na ɗaga kwalba na juya ta. Babu suna, babu kwanan wata, babu gargaɗi. Na ce, “Malam, me ke ciki?” Ya ce, “Hajiya, sirrin sana'a ne.” Na ce, “To in akuya ta ci ciyawar da aka fesa wa fa?” Ya ce, “Ai ba don akuya aka yi shi ba.” Ya ƙara wa lasifikarsa murya, ya juya mini baya.

Jama'a, wanda ya ɓoye muku abin da ke cikin kwalba, shi za ku zarga. Wanda ya sayar muku da abin da ba zai fesa a tsakar gidansa ba, shi za ku zarga. Ruwan nan a ƙasar da yaranmu ke rarrafe ake zuba shi, kusa da rijiyar da muke sha.

Yanzu ga abin da nake koya wa ɗalibaina. Na farko, taki. Ɗanyen kashi yana da zafi, yana ƙona saiwa, yana ɗauke da irin ciyayin da saniya ta ci a daji. A haƙa rami a inuwa, a zuba kashi, a bi shi da busasshen ganye, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk bayan sati biyu. Bayan wata biyu zuwa uku, ka tura hannunka ciki. In da ɗumi, da saura. In ya huce, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, to ya zama taki. A marmasa shi, a watsa sama-sama yadda kan ciyawar zai riƙa leƙowa, sannan a ba ta ruwa.

Na biyu, ba kowane mai rarrafe ne abokin gaba ba. Tana tana buɗa ƙasa, kwaɗo da ƙadangare suna cin ƙwari dare da rana ba ka biya su ba. Ruwan kwalbar nan bai san su ba, duka yake kwashewa, in ƙwarin suka dawo kuma babu mai tare su. Gara kuwa, ku duba abin da ya kira ta: tsohon itace, kwali, tarin shara a gindin katanga. A kwashe, a tone inda take, a saki kaji su yi kalaci.

Na uku, dogon yaro, wanda wasunmu ke kira maina. A tsinci 'ya'yansa, a shanya, a daka cikin hannu biyu, a jiƙa a bokitin ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa bayan la'asar. Ba ya zubar da ƙwaro nan take kamar yadda mai lasifika ke alkawari. Hana shi cin ganye yake yi, sai an maimaita, sai an yi haƙuri. Ko shi ɗin ma, a bar ciyawar ta yi kwanaki kafin a yanka wa dabba. Kuma duk abin da ka fesa, kowane iri ne, ka faɗa wa maƙwabcinka da bakinka kafin ciyawa ta haye katanga.

Na san akwai masu cewa a ransu, ita ma malamar nan wa ya sani? Daidai ne, ku zarge ni. Kada ku karɓi maganata don na iya tsara ta. Na raba ciyawar gidana biyu tun farkon damina, rabi na bar shi haka nan, rabi na yi masa yadda na faɗa. Ranar Asabar bayan la'asar ƙofata a buɗe take. Ku zo ku taka, ku tona, ku shinshina. Zan yanki ciyawar a gabanku, akuyata ce za ta fara ci. Wanda ya gamsu ya koma ya gwada a taku biyu na tsakar gidansa, ya ga abin da zai gani.

A ranar za mu haƙa sabon rami mu kuma daka magani, amma kayan ba su ishe ni ba. Baba Alhaji, kana da kashin shanu, ba ka da dogon yaro. Baba Modu, bishiyar dogon yaron gidanka ta fi kowacce 'ya'ya a layin, ba ka da saniya ko ɗaya. Ni 'yarku ce, ba zan iya ba ku umarni ba. Roƙo nake yi, kowa ya zo da nasa. Turmi ɗaya gare ni, tabarmar baƙi ma ɗaya ce.

Allah ya mayar wa Baba Modu da mafi alherin abin da ya rasa. Allah ya tsare yaranmu da dabbobinmu da rijiyoyinmu daga abin da ba mu san sunansa ba. Allah ya sanyaya zukatan da suka yi zafi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.