Tuwon da na karanta wa yara

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Tasawa nake, littattafan yara nake rubutawa, karatu ya shiga jinina.

Ran Laraba na kai sabon labarina, na bikin sunan 'yar akuya, wata lakwal, wato makarantar firamare, wajen Attantane. Zumuɗi ya mantar da ni bana fari aka yi, dawar da sojoji ke rabawa ma ba ta iso ba. Ina ta zuba: tuwon gero, miyar kuka, man shanu. Aji ya yi tsit, na ɗauka daɗin labari ne. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda suke kiran malaminsu: "Mushe, sun cinye duka, ko sun rage?"

Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Jama'a, ku ba ni shawara: yaron da ya kwana da yunwa, me ake karanta mashi?