Mota Mai Kujera Biyu

A bencin mai faci kusa da Ƙofar Wambai, Ɗayyabu na jiran a gyara tayar jar motarsa ta tsere, idonsa na kan waya. Wani dattijo da ke shan inuwa a gefensa ya miƙo wuya.

"Samari, wannan ta cikin wayar fa?"

"Ita nake so in saya, Baba, in rabu da tawa. Tawa ƙirar Jamus ce, wannan ta Amurka. Ta fi fizga, kuma ba ta sulɓewa a kwana."

"A ina za ka fizga? A lungunan Kabara?"

Ɗayyabu ya yi dariya. "Bayan gari muke fita da abokai."

"Kujera nawa gare ta?"

"Biyu, kamar tawa."

"Ka sayar da mai biyu ka sayi mai biyu? Babu mai gudun da ke ɗaukar mutane?"

"Akwai mana. Ai na taɓa riƙe mai kujera biyar, na zama direban unguwa. Ɗaurin aure ni, asibiti ni, gaisuwar mutuwa ni, har cefanen Gwaggo. Tun da na sayi wannan jar, babu wanda ya ƙara buga min ƙofa. Wallahi na huta."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya gyara ledar maganin da ke cinyarsa.

"Ka huta kam. Ɗana ma haka ya ce da ya sayi tasa."

"Shi wacce ya zaɓa?"

"Ina zan sani? Ban taɓa shiga ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga wa adaidaita sahu hannu.