Anti Alli da Takardar da Muka Sa wa Hannu

Assalamu alaikum. Shugaban makaranta, shugaban kwamitin iyaye da mambobinsa, malamanmu na da da na yanzu, Baba mijin marigayiya, 'yarta ƙanwata Auta, tsofaffin ɗalibai, ina gaishe ku. Allah ya ba mu haƙuri.

Ni ce ma'aikaciyar jinya ta wannan makaranta, a nan kuma na yi karatu. An ce in yi magana a madadin ɗaliban malamarmu ta kimiyya, wadda muke kira Anti Alli saboda hannunta ba ya rabuwa da farin alli. An ce in taƙaita, in faɗi alheri. Zan taƙaita.

Ina shekara goma sha biyu na miƙe a aji, wadda ke bayana ta ce, "Ke, kin ji ciwo?" Na duba siket ɗina na ga jini. Na gudu bayan ɗakin gwaje-gwaje na tsuguna, ina jiran mutuwa, don ba wanda ya taɓa gaya mini komai. A nan Anti ta same ni. Ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta ce, "Tashi, 'yata. Da wannan na kisa, da tuni an binne ni."

Ta zaunar da ni, ta yi zane a takarda. Ta ce ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta cikin jini, da sinadaran da ake kira homon. Saƙon ya isa inda ƙwan mace yake, ƙwai ɗaya ya nuna. Wani homon ya sa bangon mahaifa ya yi kauri. Idan ba a samu ciki ba, homon ɗin ya ragu, kaurin ya zube, shi ne jinin. "Ciwon mara da saurin fushi ma aikinsu ne," in ji ta. "Amma ban da zagin malamai."

Ta kasance mai ajiye audugar mata a aljihun teburinta, ba ta tambayar sunan mai ɗauka. Ta kasance mai koya mana ƙirga kwanakinmu, da sanin lokacin da jini ya wuce kima a nemi likita. Ta kasance uwa a maganar da iyayenmu mata suka ji nauyin yi.

Sai wani uba ya buɗe littafin 'yarsa ya ga zanen mahaifa. Cikin mako guda aka ce Anti na buɗe wa yara ido. A wannan zauren aka yi taron. Ta tsaya can kusa da taga, ta ce, "Ga waɗanda na koyar, ku tambaye su ko na lalata su." Ta dube mu. Mu goma sha ɗaya ne tsofaffin ɗalibanta a ranar, har da ni, sabuwar ma'aikaciya mai tsoron rasa aiki. Muka sunkuyar da kai. Takardar neman a cire darasin ta zagaya, mutum arba'in da uku suka sa hannu. Nawa ne na talatin.

Aka cire darasin, aka mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai, shekara tara. Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda suka sa hannun ba su fasa tura mata 'ya'yansu gida ba. "Je ki wajen Anti ta yi miki bayani, kada ki ce ni na aiko ki." Baba, kai ke buɗe musu ƙofa, ka san fuskokinsu. Ba ka taɓa tona kowa ba, ita ma ba ta taɓa korar yarinya ba.

Da na je duba ta a asibiti, ta riƙe hannuna ta ce, "Wa ke koya wa 'yan aji ɗaya yanzu?"

Na ce, "Akwai, Anti."

Ta ce, "Har yau ba ki iya ƙarya ba."

A watan jiya na tsinci yarinya a banɗaki tana kuka, ta cusa takardun littafinta a jiki, tana roƙona kada in gaya wa kowa.

Na ji kwamiti zai sa wa ɗakin gwaje-gwaje sunanta. Ranka ya daɗe, ku fara mayar da darasin. Idan babu mai koyarwa, ga ni.

Baba, Auta, mun ci amanarta tana raye. Ba mu zo da hujja ba, ku yafe mana idan za ku iya.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Anti, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da abin da muka hana ta. Mu kuma Allah ya ba mu bakin magana tun mai gaskiya yana da rai. Amin.