Tsuntsayen bakin tagar 'yata

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Hajiya Binta ce daga Sentul, Kuala Lumpur.

'Yata ta fari tana karatu a Sikotlan. Duk hunturu wasu tsuntsaye masu tukku kan zo cin jajayen 'ya'yan itace a bakin tagarta, wata shekara su cika bishiya, wata shekara 'yan kaɗan. Bana, cikin kullen korona, ta kira ni ta ce, "Umma, har yanzu ba su zo ba."

Na ce, "Karatu aka tura ki ko kiwon tsuntsaye? Mutane na mutuwa, ke kina shirme!" Ni ba na ɗaure wa yaro gindi.

Tun ranar ba ta sake kira ba. Ƙanwarta ce ta gaya mini abokan zaman yayarta duk sun tafi gida, ita kaɗai ta rage. Ashe kaɗaici ke damunta, na kasa ganewa.

Kunya ta rufe ni. A gidanmu ko sunan 'yar fari uwa ba ta kira, balle ta ba ta haƙuri. Jiya na ɗauki waya in tambaye ta ko tsuntsayen sun zo, na ajiye. Iyaye mata, da wane baki zan fara?