Dattijo da Maganar Hannu

A Ƙofar Jatau ne, muna cikin a-daidaita-sahu muna jira ya cika. Wata budurwa tana kallon fim a wayarta, dattijon da ke gefenta yana ta leƙe.

"'Yata, me yaron nan yake ta yi da yatsu?"

"Magana yake yi, Baba. Budurwarsa kurma ce, shi ne ya je ya koyi maganar hannu saboda ita."

"Ikon Allah! Kuma tana ganewa?"

"Sosai. Ba ka ga har hawaye take yi ba?"

"To me ya ce mata?"

"Cewa ya yi yana sonta."

"Mayar da shi baya in gani."

Ta yi dariya. "Baba, kai ma da fim ɗin soyayya?"

"Mai ɗakina ce. Tun da ciwo ya tafi da jinta bara, ba abin da nake iya nuna mata sai abinci da lokacin salla."

Budurwar ta daina dariya, ta mayar da fim ɗin baya. Dattijon ya gwada a hankali, sai ya yi sauri ya sauke hannunsa.

"A'a, wannan ya yi mini nauyi, ga jikoki a gida. Duba mini, babu inda ya ce mata sannu da aiki?"